Wasan Taubasai da Ya Raba Ni da Wata Dattijuwa

Barka da aiki, Malam mai gabatarwa. Daga Greensboro ta ƙasar Amurka nake rubutowa.

A wani sito nake aiki da taubashina. Muna cin abinci na ce masa, "Bawana, miƙo ruwa," yadda muka saba wasa a gida, muka yi dariya. Wata dattijuwa abokiyar aikinmu, baƙar fata 'yar ƙasar nan, mai ɗebo mana abincinta kullum, ta tambayi abin dariyar. Da bakina na fassara mata.

Ta ajiye cokali ta ce, "A kasuwar bayi aka raba kakar kakata da ɗanta. Ku wasa ne a wurinku?"

Malam, har jami'a na yi, ba wanda ya koya mini cewa mu ma mun sayar da mutane. Yanzu ita kaɗai take cin abincinta. Masu sauraro, da wane baki zan ba ta haƙuri?