Zabira a Ƙarƙashin Benci

A wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, inda likita ke soka wa masu ciwon gaɓoɓi siraran allurai irin na Caina, Lucia ta matsa wa wani tsoho a benci. Yana tallafe da gwiwar hannunsa kamar yadda ta tallafe tata.

"Sannu Baba. Kai ma gwiwar hannun ce?"

"Ita ce, 'yata. Ko buta ba na iya ɗagawa."

"Ni tafireta ce ta gama da ni. Shekara ashirin ina buga wa ɗaliban Samaru takardu. Yau zuwana na huɗu nan, na dai gaji. Har ƙaho an kafa mini. Dubi yadda wani wanzami ya tsattsaga ni a banza."

Tsohon ya daɗe yana duban tabon. "Ya yi ƙasa da yawa. Da ya ɗan hau da yatsa biyu."

Sai a lokacin Lucia ta lura da zabirar wanzanci da yake turawa ƙarƙashin benci da ƙafa.

"Ayya Baba, ban sani ba."

"Bar shi kawai. Ƙanena ya kafa mini sau uku, ga ni nan. Ta bayan kasuwa na zagayo, kada masu zuwa wurina su gan ni." Ya rage murya. "Tsakaninki da Allah, allurar nan akwai zafi?"

"Babu zafi, Baba. Kamar cizon sauro ne."

Tsohon ya jingina da bango, ya lumshe ido.

"Haka ni ma nake ce musu."