Mai Jinyar da Aka Ba Gado

A barandar asibiti da ta raba ɗakin maza da na mata, wani matashin tela yana zaune, ana yi masa ƙarin ruwa, ya ƙura wa ƙofar matan ido kamar zai cinye ta. Wata dattijuwa ta zauna gefensa.

"Sannu, ɗan nan. Me ya kwantar da kai?"

"Cika baki, Inna. Matata ce ba lafiya. Daga asibitin unguwa aka turo mu wannan babban, na rantse mata ba mai jinyarta sai ni."

"To, ya aka yi kai ne da ƙarin ruwa?"

"Jini aka ce tana buƙata. Na naɗe hannun riga, na ce su kwashe duka. Ina ganin allurar, sai farkawa na yi a gadon ɗakin maza. Ƙanwarta ce ta bayar, tana yi tana hira. Yanzu ganinta kawai nake so, nas ta ce mara lafiya ba ya zuwa dubiya."

"A ɗakin matan nake jinyar 'yata. Wacce ce taka?"

"Ta bakin taga. Don Allah ki ce mata ina nan garau."

Dattijuwar ta yi murmushi.

"Ashe kai ne. Tun safe take roƙon likita ya sallame ta, wai mijinta ba shi da mai jinya."