Albasa a Tsakiyar Kogi

Ina zaune kan benci a tasha, ina jiran mota ta cika, sai wani dattijo ya kashe rediyonsa ya juya ga wani mai tabarau da ke gefensa.

"Ka ji su ko? Ƙasashe biyu sun sa hannu a raba ruwan kogi, amma mutanen saman kogin sun toshe dam, sun bar mu da yashi."

"Baba, a yi mana a hankali, ni ma daga can nake."

"Shi ya sa na gan ka jawur, kuna wanka sau uku."

"Ai magana ta ƙare. Manomanku sun kai ƙara hukumar kogin, jibi za a sako muku kasonku."

"Wane jibin?"

"Na bayan gobe. Ban ga ka yi murna ba."

"Har da ni a masu ƙarar. Amma yaro, ba za a iya ɗagawa zuwa sabon wata ba?"

"Kai da ke kukan ƙishirwa?"

"Albasata ce ba ta ƙosa ba. A tsakiyar kogin na shuka ta, wurin da akwai damshi."

"Haba Baba. Ka kai ƙara a sako ruwa, kuma ka yi shuka a hanyarsa?"

Dattijon ya miƙe, ya ce wa kwandasta ya sauke masa buhunsa, ya fasa tafiyar.

"Shekara da shekaru kuna saɓa alkawari," in ji shi. "Ni da na yarda da ku, sai bana za ku cika?"