Ranar da Mahaifina Ya Zauna a Ajina

Mai girma shugaban taro, wakilan gidauniyar da ta ba da wannan tallafi, shugabar makarantarmu, 'yan uwana malamai, iyayenmu manoma da suka ajiye aiki suka zo, ɗalibai, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana a madadin malamai. Na zo da jawabi a rubuce, amma da na leƙa sabon ɗakin gwajin ƙasa da safen nan, na ga na'urori jere a kan tebur ko ledarsu ba a ɓare ba, sai takardar ta fita daga raina. Ku yi mini afuwa, abin da idona ya gani zan faɗa.

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da ilimin ƙasar noma a makarantar nan, a aji mai benci shida, da akwatin gwaji guda ɗaya tak. Shekara uku da suka wuce, gonar mahaifina ta juya masa baya. Ya ƙara taki, masara ta tsaya iya gwiwa. Ya sake ƙarawa, ganye ya koɗe. Har mai saye ya zo ya zagaya iyakarta. Da na durƙusa ina ɗibar ƙasar a kofi, Baba ya ce, "Ke 'yar nan, ƙasar da nake nomawa tun uwarki na budurwa za ki ɗura a kwalba ki gaya mini ciwonta?"

Na ce, "Baba, ku ba ni damina ɗaya."

Gwaji ya nuna ƙasar ta yi tsami, kuma takin da yake ƙarawa shi ke ƙara tsamin. Muka watsa garin farar ƙasa mai kashe tsami, muka rage taki, muka sa wake a tsakanin kunya. Da kaka ta yi, masara ta shanye tsawonsa. Ya tsaya a tsakiyar gona, ya cire hula. Sai ya ce, "Shekara hamsin ina taka ta, ashe ban san ta ba."

Ranar Litinin ina cikin darasi sai ga shi da manoma goma sha huɗu, kowa da ƙullin ƙasar gonarsa. Ya zauna a bencin gaba, ya ɗaga hannu, ya ce, "Malama, ina da tambaya." Jama'a, mutumin da ya koya mini riƙon fartanya! Innata har yau tana cewa, "A gida ba ya jin maganar kowa, amma aikin gida na makaranta ba ya wuce shi."

Wannan ƙishirwa ce tallafin nan ya zo ya tarar. Da shi, na farko, za mu ɗauki mutum ɗari uku a shekara maimakon arba'in. Na biyu, an buɗe wurin koyon gyaran injin ban ruwa da tarakta, domin kada amfanin gona ya bushe ana jiran makaniki. Na uku, malamai za su riƙa bin manoma har gona, ba tare da an tambayi kowa takardar shaidar karatu ba.

Ku masu tallafi, ku dawo da kaka ku duba gonaki, can za ku ga inda alherinku ya sauka. Ku ɗalibai, ku riƙe kayan nan da amana.

Saura abu ɗaya da ke ci mini rai. Bara wata mai noman tumatir, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, ta zo sau uku tana neman gurbi. Ba wuri. Da bakina na ce mata ta dawo baɗi. Na ji an ce ta jingine gonar ta bar garin. Duk wanda ya san inda take, don Allah ya gaya mata sunanta ne na farko a rajistar bana, ni na rubuta shi, kuma ba zan ba kowa kujerarta ba.

Allah Ya saka wa waɗanda suka ba da wannan tallafi, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa hannun da ya koya ya koyar da wani, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni.