Jikin Matata Ya Ƙi Ƙodata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Sani, manomi daga Durba.

Ƙodojin matata Habiba sun daina aiki, kullum muna hanyar Kano wankin ƙoda. Na ce a cire tawa a dasa mata. Da aka gwada mu, likita ya ce haihuwa shida da ta yi mini ta sa jininta ya tanadi sojojin da ke yaƙar duk abin da ya fito daga jikina. Ko an dasa, jikinta zai kashe ƙodar. Babban ɗanmu ya je, shi ma haka.

Jiya ta ce, "Malam, ka huta haka nan." Ga ni da ƙoda biyu lafiyayyu, ina kallonta tana ramewa. Jama'a, ina zan dosa?