Farashin Da Muka Ƙi Amincewa Da Shi

Mai girma Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Masaƙa. Mai girma Mataimakinsa, wanda tun safe ake ce mana yana hanya. Ma'aji da sauran 'yan kwamiti. Babbar baƙuwarmu, wakiliyar kamfanin da ke juya mana jarinmu. Shugaban wannan makaranta, wanda ya ara mana ɗakin taro da kujeru bisa sharaɗin mu mayar da su yadda muka same su. Yayyena mata na sashen zare, 'yan'uwana na sashen rini da na sashen saƙa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan taro na shekara. Ina gode wa Shugaba da ya ba ni minti goma, ina kuma sanar da shi tun yanzu cewa ba za su isa ba. Ina gode wa mutum biyun da suka taya ni ɗauko kwamfutar ƙungiya daga ofis zuwa kan wannan teburi. Ƙarar da kuke ji ta fankarta ce, ba wani abu ba ne ya lalace, haka take yi tun ranar da muka saye ta.

Ni ne sakatarenku, kuma ni ne kuke kira Mai Kwamfuta, ba don na fi kowa sani ba, sai don ni kaɗai na yarda in zauna a gabanta. Magana huɗu na zo da ita. Biyu na farko kun san su, amma zan maimaita saboda baƙuwarmu, ta uku kaɗan daga cikinku suka ji, ta huɗu kuwa babu wanda ya ji.

Magana ta farko ita ce yadda wannan kwamfuta ta shigo rayuwarmu. Lokacin da aka rufe masaƙa aka biya mu giratuti, wato kuɗin sallama, mun yi shawara cewa kada kowa ya tafi da nasa ya narke a hannunsa. Muka haɗa kuɗin muka zuba a asusun haɗakar jari, wato asusun da masana ke tara kuɗin jama'a da yawa su sayi hannun jarin kamfanoni daban-daban, kowa a rubuta masa kasonsa gwargwadon abin da ya zuba. Asusun da sunan ƙungiya yake, saboda haka ni kaɗai kamfani ke aiko wa saƙon imel a ƙarshen kowane wata, ɗauke da farashin kaso ɗaya. Aikina shi ne in buɗe manhajar da mai gyaran kwamfuta ya sa mana, in rubuta wannan farashi a wani ɗan akwati, in danna maɓalli. Ita kuma manhajar ta san kason kowa, sai ta lissafa wa kowa abin da yake da shi, ta kuma zana layi. Idan an samu ƙari layin kore ne, idan an samu ragi ja ne. Mai gyaran ya ce mini, "Baba, wannan manhaja ba ta ƙarya, sai dai a gaya mata ƙarya." Na rubuta maganarsa a bangon littafina don ta burge ni, ban san da ni yake ba.

Shekara uku layin nan kore ne. Shekara uku kuna zuwa ofis kuna cire mayafin da matata ta ɗinka wa kwamfutar, kuna tsayawa a bayana kuna kallon layi yana hawa. Akwai wanda yake zuwa duk Litinin, ko da yake na sha gaya masa sau ɗaya a wata farashin ke canzawa. Akwai wanda ya kawo surukinsa ya nuna masa. A wannan lokaci babu wanda ya taɓa tambayata daga ina farashin ke fitowa.

Magana ta biyu ita ce ranar da farashi ya sauka. Kaso ɗaya ya kai ɗari da arba'in, sai saƙo ya zo cewa ya koma ɗari da talatin da ɗaya. Kun san dokarmu, sashe na tara: ba a shigar da komai cikin bayanan ƙungiya sai taro ya amince ta hanyar ɗaga hannu. Doka ce mai kyau, da ita muka hana a sayi labule na biyu. Saboda haka na karanta sabon farashin a taron wata, kamar yadda na saba, ina jiran a ce an amince.

Sai Kwamared ya miƙe. Ga baƙuwarmu da ba ta san shi ba, shi ne wancan mai jar hula a layin gaba, wanda ya shekara ashirin da biyu yana jagorantar mu wajen zama da masu masaƙa a kan albashi. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, yaushe muka fara karɓar tayin farko?"

Ya ce, "Sun taɓa kawo mana ƙarin kashi biyu, muka ce ba mu amince ba, suka dawo da biyar. Sun taɓa cewa za su rage kuɗin abinci, muka ce ba mu amince ba, suka janye. Yau an kawo mana ɗari da talatin da ɗaya. Ina gabatar da ƙuduri cewa ba mu amince ba, a bar ɗari da arba'in a kwamfuta har su dawo da magana mai ma'ana."

Aka yi tafi. Wallahi an yi tafi irin wanda ban ji ba tun yajin aikinmu na ƙarshe. Na ƙirga hannu arba'in da biyar, babu mai adawa, na rubuta a littafi. Ina so baƙuwarmu ta fahimci cewa mu ba wawaye ba ne. Mutane ne mu da suka yi rayuwarsu kaf suna ƙin lambar farko, kuma duk lokacin da muka ƙi, wani mai kwat da taye daga ɓangaren masu masaƙa yakan fita ya yi waya ya dawo da lamba mafi kyau. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, a wannan karon babu mai taye a ɗaya gefen teburin. Teburin ma babu shi.

Wata ya zagayo, farashi ya koma ɗari da ashirin. Kwamared ya ce wannan barazana ce, ya san salon. Ba mu amince ba. Ya koma ɗari da huɗu, aka ce alama ce sun fara gajiya. Ba mu amince ba. Har wasiƙa muka rubuta wa kamfani muna ba su wa'adin mako biyu, kuma ina yaba wa baƙuwarmu bisa amsar da ta aiko cikin ladabi, inda ta ce, "Iyayena, farashi ba tayi ba ne, labari ne na abin da ya riga ya faru." Taro ya saurari wasiƙarta, ya kuma ƙi amincewa da ita.

Wata goma sha huɗu muka yi a haka. Duk ranar da na kunna kwamfuta, manhajar takan fito da ɗan saƙo cewa farashin da ke ciki ya tsufa, ko ina so in sabunta. A ƙasa akwai maɓalli biyu, ɗaya na yanzu, ɗaya na sai an jima. Wata goma sha huɗu ina kai linzamin kwamfuta kan sai an jima. Layinmu ya daina hawa, amma bai sauka ba, ya miƙe sambal kamar igiyar shanya, kuma kore ne. Kuka ci gaba da zuwa kuna kallonsa, kuna cewa ai mun riƙe musu wuya.

Magana ta uku ita ce Yaya Mai Zare. Ga ta can kusa da taga, inda ta saba zama. Shekara ashirin da takwas ta yi a sashen zare, kuma rabin matan da ke ɗakin nan ita ta koya musu ɗaurin zare ba tare da an tsayar da inji ba. A cikin watannin da muke ta jefa ƙuri'a, ita tana asibiti tana jinyar mijinta, direban motar ma'aikata, wanda ya kwashe mu safe da yamma shekara da shekaru bai taɓa barin kowa a tasha ba. Allah ya jiƙansa. Ba ta halarci taro ko ɗaya ba, ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, kuma babu wanda ya tuna ya gaya mata cewa muna yajin aiki da kasuwa.

Bayan ta fita takaba ta zo ofis ta same ni. Ta ce, "Ƙanena, duba mini abin da nake da shi. Na gaji da haya, na samu ɗaki biyu da ɗan tsakar gida na sayarwa, ina so in mutu a inda babu mai ƙwanƙwasa mini ƙofa a ƙarshen wata."

Na cire mayafi, na kunna kwamfuta. Saƙon nan ya fito, na danna sai an jima, hannuna ya riga ya saba. Kasonta dubu biyar ne, manhaja ta buga da ɗari da arba'in, ta ce dubu ɗari bakwai. Firinta ta cinye takarda biyu, ta uku ta fito. Na buga hatimin ƙungiya, na sa hannu, na miƙa mata. Ta ce, "Wannan tabbas ne?" Na ce, "Yaya, kwamfuta ce ta faɗa."

Da wannan takarda ta je ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta ta biya kafin alƙalami, ta sa hannu cewa za ta cika dubu ɗari bakwai a ƙarshen wannan wata, in ba haka ba abin da ta bayar ya tafi. Ta kuma sanar da mai gidan da take haya cewa za ta tashi, shi ma ya riga ya karɓi kuɗin wani. Makon jiya muka je kamfani tare don a fitar mata da kuɗinta. Farashin ranar casa'in da shida ne. Abin da ke hannunta dubu ɗari huɗu da tamanin. Ta dubi takardar kamfani, ta dubi tawa mai hatimi, ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ƙanena, wacce zan kai wa mai sayar da gidan?" Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Saura kwana tara wata ya ƙare.

Magana ta huɗu. Yau da safe, kafin a ɗauko kwamfutar nan, saƙon ya fito kamar kullum, na danna yanzu. Na rubuta casa'in da shida, ban nemi amincewar kowa ba. Na karya sashe na tara, kuma duk wanda yake so ya kawo ƙudurin tsige ni, ni zan rubuta masa shi da kyakkyawan rubutu. Bari in juyo muku da allon. Na baya ku miƙe. Wannan shi ne ja. Ku kalle shi da kyau, namu ne, wata goma sha huɗu yana jiranmu a bakin ƙofa. Ban ce ba zai sake hawa ba, baƙuwarmu ta ce yakan hau yakan sauka, kuma mai iya jira ya jira. Mu muna iya jira. Yaya Mai Zare kwana tara gare ta.

Giɓin da ke tsakanin takardata da gaskiya dubu ɗari biyu da ashirin ne, wato kaso dubu biyu da ɗari uku a farashin yau. Na koma littafi na ƙirga. Hannu arba'in da biyar ne suka tashi a ranar farko, na arba'in da shida shi ne wanda ya riƙe biro. Idan kowane hannu ya saki kaso hamsin, lissafi ya cika cif. Biyu daga cikin masu hannuwan Allah ya yi musu rasuwa, ba za mu bi magadansu ba, nasu yana kaina. Nawa ɗari da hamsin ke nan, kuma na riga na cire su daga sunana na mayar sunanta, ga shi nan a layi na goma sha bakwai. Manhajar ba ta yi gardama ba, daƙiƙa biyu ta ɗauka.

Wannan ba sadaka ba ce, kada wanda ya je gida ya ce ya taimaki gwauruwa. Mu muka ƙi farashi, ita aka kai wa takardar biya. Saboda haka ina roƙon Shugaba ya ba ni izini in nemi mai gabatar da ƙuduri, kuma tun da...

Kwamared, sauke hannunka, ban gama karantawa ba. To, ya ƙi saukewa. Shekara ashirin da biyu masu masaƙa ba su sa ya sauke ba, ba ni zan iya ba. A rubuta shi a matsayin na ɗaya. Sauran, ku ɗaga sosai, idona ba kamar da ba. Sashen rini, ban ga na ƙarshenku ba. Yauwa. Arba'in da ɗaya, arba'in da biyu, arba'in da uku. Mataimakin Shugaba, sannu da zuwa, ba ka cikin na farko, amma tun da ka ɗaga, kaso hamsin ɗinka ba za a mayar maka ba.

Yaya, kada ki tashi, kada ki yi wa kowa godiya. Ki zo ofis gobe da safe in ba ki sabuwar takarda. A wannan karon idan kika tambaye ni ko tabbas ne, ba zan ce kwamfuta ce ta faɗa ba. Zan ce ni na duba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a ɗan abin da ya rage mana, kore ne ko ja. Allah ya sa Yaya ta shiga gidanta lafiya, ta daɗe a cikinsa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, bayan an mayar da kujeru yadda aka same su.

Na gode.