Sartsen Makara

Ruwan sama ya tsare wani matafiyi a rumfar kafinta a Unguwar Kanawa. Ya iske dattijon yana goge makarar katako da samfefa.

"Baba, har makara ake yi wa kwalliya? Ai mamaci bai san tana sheƙi ba."

"Masu ɗauka sun sani. Ranar da muka kai matata, sartse ya shige tafin ɗana. Jini na zuba, amma bai saki ba har maƙabarta."

"Allah ya jiƙanta. Masallaci ne ya ba ka aikin?"

"Ba wanda ya sa ni. Shekara arba'in ina gyara wa mutane gadaje. Wannan gadon kaɗai na tabbata zan kwanta a kai, kuma ɗan nawa ne zai sake ɗauka."